Jini da Baƙon Tantani: Lacca a Kan Matatar Wankin Ƙoda da Rundunar Garkuwar Jiki

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya tsara gaɓoɓinsa bisa hikima, Ya sanya masa a cikin jininsa masu tsaron da ba sa gyangyaɗi; tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Ya shugaban wannan zama, ya malamaina, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, da sauran 'yan'uwa maza da mata: bayan haka, mas'alar da aka ɗora mini bayaninta a yau tana cikin mas'alolin da ake wucewa ta kansu kullum ba tare da an tsaya an dube su ba, domin duk wanda ya shiga ɗakin wankin ƙoda, abin da yake fara jan idonsa shi ne injin nan mai fitilu da ƙara, alhali kuwa aikin na hakika yana gudana ne a cikin wannan 'yar gorar roba da kuke gani a hannuna, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ita ce matata, kuma a cikinta ne jinin ɗan Adam yake haɗuwa da abin da ba a halicce shi da shi ba. Abin da nake son mu tafi gida da shi shi ne, jini al'umma ce mai rai, wadda take gane ɗan gida, take gane baƙo. Saboda haka ba a auna nagartar matata da yawan dattin da ta fitar kaɗai, sai an haɗa da irin tarbar da jini ya yi mata.

Mukaddima: abin da matata take

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan rariyoyi kimanin miliyan 1, kuma su biyun suna tace ruwan jini da ya kai lita 180 a yini, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da abin da bai fi lita 1 zuwa 2 ba, shi ne fitsari. In suka gaza, dattin da ya kamata ya fita sai ya taru, jiki ya kumbura, numfashi ya yi nauyi, hankali ya soma gushewa.

Neman abin da zai tsaya a madadinsu ya daɗe. A 1913, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Abel da abokan aikinsa biyu sun wanke jinin dabbobi, suna hana shi daskarewa da sinadarin da suka samo daga matsattsaku. A 1924 Georg Haas ya jarraba wa ɗan Adam a garin Gisen na Jamus. Sa'an nan a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Willem Kolff ya harhaɗa injinsa a garin Kamfen na ƙasar Holan, ya naɗe ganga da dogon tantanin selofen, irin wanda mahautan Turai suke ɗura nama a ciki. Marasa lafiyarsa na farko kusan duk suka rasu, sai a 1945 wata dattijuwa mai shekara 67 ta farfaɗo a hannunsa. A Nijeriya kuwa, an buɗe ɗakin wankin ƙoda na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981.

Na sa an yanka mini wannan matata gida biyu domin ku gani da idonku. Abin da yake ciki ya yi kama da damin farin gashi, amma kowane sili bututu ne mai rami, faɗin raminsa kamar kashi 1 cikin 5 na milimita, kuma adadinsu ya haura 10,000. Jini yana bi ta cikin ramin, ruwan wanki yana bi ta bayansa, bangon silin kuwa, wanda shi muke kira tantani, yana barin datti ya ƙetare, ya tsare ƙwayoyin jini. Da za a tsaga silin nan duka a shimfiɗa, da sun rufe murabba'in mita 1 zuwa 2, wato kwatankwacin tabarmar mutum ɗaya. A kan wannan tabarma jinin majinyaci yake birgima, mililita 300 ko makamancin haka a kowane minti, har awa 4, sau 3 a mako; ma'ana dukkan jinin jikinsa yana shafar ta sau da dama a zama guda, kuma zama 156 ne a shekara.

Fasali na farko: rundunar da take cikin jini

A cikin ɗigon jini da bai kai kan allura ba akwai fararen ƙwayoyi dubbai, kuma tsarinsu ya yi kama da tsarin tsaron birni. Mafi yawansu su ne nutrofil, dakarun gaba, waɗanda suke haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita da gubar da suke ɗauke da ita. Ruwan mugunyar da muke gani a maruru, galibinsa gawarwakinsu ne. Akwai monosait, masu kai rahoto, waɗanda suke sakin sinadaran da suke tayar da zazzaɓi. Akwai kuma limfosait, ma'ajiyar tarihi, masu tuna fuskar maƙiyi shekara da shekaru, waɗanda a kansu allurar riga-kafi ta dogara.

Ban da waɗannan ƙwayoyi, akwai wata ƙungiya ta furotin fiye da 30, wadda Jules Bordet ya gano aikinta a ƙarshen ƙarni na 19, aka sa mata suna kwamfilimen, ma'anarsa cikamaki. Aikinta shi ne na 'yan gadin dare. Babbansu, wanda ake yi wa laƙabi da C3, kullum yana yawo yana taɓa duk abin da ya tarar; in ya sauka a kan ƙwayar jikin mutum, akwai hatimin da yake sa a kashe wutar nan take, in kuwa ya sauka a bangon ƙwayar cuta, wanda ba shi da wannan hatimi, sai ya manne, ya kira ɗan'uwansa, wannan ya kira wani, har kururuwa ta game gari. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran bahasinmu zai ginu.

Fasali na biyu: ɓatan dakaru a rubu'in awa

Shekaru masu yawa tantanin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kufrofan, wanda ake yi a garin Wuffatal na Jamus daga gajeren gashin da yake saura a jikin guryar auduga bayan an gurje ta. Mai arha ne, siriri, mai fitar da datti yadda ake so, kuma wa zai zargi auduga, abar da muke sawa a jikinmu tun daga zanen goyo har likkafani?

A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Kaplow da Goffinet, suka yi wani abu mai sauƙi da ba a saba yi ba: maimakon su ƙidaya fararen ƙwayoyi kafin wanki da bayansa kawai, sai suka riƙa ɗibar jini a mintocin farko. Abin da suka gani ya girgiza su. Cikin kimanin minti 15 da fara wanki, nutrofil sun ragu ƙwarai, sau da yawa kashi 3 cikin 4 ko fiye sun ɓace daga magudanar jini. Kafin awa guda ta cika sun dawo, har adadinsu ya zarce na farko. Aka duba cikin matata, ba a same su da yawan da zai bayyana wannan giɓi ba. To, ina runduna guda ta shiga, kuma me ya dawo da ita?

Amsa ba ta zo ba sai a 1977, daga Jami'ar Minesota, a hannun Philip Craddock da Harry Jacob da abokan aikinsu, kuma hujjarsu tana da kyawun da ya cancanci ɗalibi ya yi nazarinta. Sun ɗebi ruwan jini, ba tare da ƙwayoyinsa ba, suka jiƙa tantanin selofen na matata a cikinsa, suka cire tantanin, sa'an nan suka ɗura wa zomaye da tumaki ruwan. Nan take nutrofil ɗin dabbobin suka faɗi, kuma da aka duba huhunsu sai aka tarar da ƙananan jijiyoyinsa cunkushe da su. Ashe ba injin ne yake cin ƙwayoyin ba. Tantanin ne yake tayar da wani abu a cikin ruwan jini, abin kuma shi ne kwamfilimen.

Ga yadda sababi yake bin sababi. Auduga, in an bi asalinta, sarƙar sukari ce, kuma kowace gaɓa ta sarƙar tana da hannuwa 3 da masana kimiyyar sinadarai suke kira haidiroksil, irin hannuwan da suke a bangon ƙwayoyin cuta da yawa. Ɗan gadin dare, da ya sauka a kansu bai ga hatimin gida ba, sai ya yanke hukuncin cewa wata ƙatuwar ƙwayar cuta ce mai faɗin tabarma ta shigo gari. Kururuwa ta tashi, aka saki wani guntun furotin mai suna C5a, wanda shi ne kugen yaƙi a kunnen nutrofil. Da jin sa sai nutrofil ta fito da ƙugiyoyi a bayanta, kamar yadda Arnaout da Hakim da abokan aikinsu suka nuna a 1985, ta yi danƙo, ta manne da 'yar'uwarta, su zama dunƙule-dunƙule.

Me ya sa huhu, ba hanta ko saifa ba? A nan ya kamata mu tuna da Ibn Nafis, likitan nan haifaffen Sham wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana, a sharhinsa na ilmin gaɓoɓi da ke cikin Ƙanun na Ibn Sina, cewa jini ba ya ratsa bangon da ya raba zuciya, sai dai ya fita daga ɓangaren dama, ya bi ta huhu, kana ya dawo ɓangaren hagu. Jinin da ya fito daga matata yana komawa ta jijiya zuwa zuciyar dama, don haka lungunan farko masu ƙunci da zai tarar su ne na huhu, waɗanda da yawansu sun fi nutrofil guda ƙanƙanta, har sai ta lanƙwashe jikinta take wucewa. Wadda ta yi tauri ta yi danƙo kuwa, nan take maƙalewa. Shi ya sa iskar da take cikin jini takan ɗan ragu a wannan lokaci, abin da mai lafiyar huhu ba zai ji ba, amma mai raunin zuciya ko huhu yakan ji shi sarai.

Na taɓa tsayawa a gefen gadon wani dattijo, manomi, a wani asibitin da ba sai na ambata ba. Ba a yi minti 20 da haɗa shi da inji ba sai ya ɗora tafinsa a ƙirji, ya dubi ma'aikaciyar jinya ya ce, "'Yar nan, kamar an aza mini dutsen niƙa, ga bayana yana sara." Ta rage gudun jini, ta sa masa iskar numfashi, ta ce, "Sannu Baba, ina nan tare da kai, ba inda za ni." Ta zauna tana duban bugun jininsa har nauyin ya sauka, ya yi ajiyar zuciya, ya nemi carbinsa. Abin da littattafai suke zanawa da layi mai gangarowa da hawa, wannan bawan Allah ya faɗe shi da kalma biyu.

Fasali na uku: illar da take taruwa

Mai tambaya zai ce, tun da dakarun suna dawowa cikin awa guda, mene ne abin damuwa? Jawabi shi ne, ba sa dawowa yadda suka tafi. Nutrofil da aka zuga takan zubar da gubarta, wato sinadarai masu narkar da nama da masu ƙona shi, kuma tun da babu maƙiyi, a kan bangon jijiyoyin mai ita take zubarwa. Garin da ake buga wa kugen yaƙin ƙarya sau 3 a mako, ranar da mahara na gaskiya suka zo za su tarar da kwari babu kibiya. Nazarce-nazarcen da aka yi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa masu wanki da kufrofan, ƙarfin nutrofil ɗinsu na haɗiye ƙwayar cuta yana raguwa, limfosait ɗinsu kuma ba sa amsa kira yadda ya kamata. Gazawar ƙoda ita kanta tana raunana garkuwa, tantani mara dacewa kuwa ƙari ne a kan ƙari. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kamuwa da ƙwayoyin cuta ta zama ta biyu, bayan ciwon zuciya da jijiyoyi, a cikin abubuwan da suke kashe masu wankin ƙoda. Shi ya sa tarin fuka ya fi kama su, shi ya sa kuma ake ninka musu allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B.

Monosait ma ba a bar su a baya ba. A 1983 Henderson da Koch da Dinarello da Shaldon suka gabatar da ra'ayin cewa zazzaɓi da kasala da faɗuwar bugun jini da ake gani a lokacin wanki suna da nasaba da sinadarin intalukin da monosait suke saki in tantani ya zuga su, ko kuwa in ɓurɓushin ƙwayoyin cuta da suke cikin ruwan wanki suka ƙetaro. Wannan kumburi ne na ɓoye, mara ciwo, wanda yake cin nama a hankali, ya hana jini ƙaruwa, ya taurara jijiyoyi. A 1985 kuma Fumitake Gejyo da abokan aikinsa a Japan suka gano cewa abin da yake taruwa a wuyan hannu da gaɓoɓin waɗanda suka daɗe suna wanki wani furotin ne mai suna beta-2, wanda yake zubowa daga bayan ƙwayoyin jiki, ƙoda mai lafiya tana kawar da shi, amma ƙofofin kufrofan sun yi masa ƙanƙanta.

Fasali na huɗu: gyara, da darasin da ya zo da shi

Masana suka bi hanya biyu. Ta farko ita ce rufe hannuwan nan na auduga: a tantanin hemofan, kimanin kashi 1 cikin 100 kawai aka sauya, amma kururuwar ta ragu sosai, a tantanin tirayasitet kuwa an rufe kusan dukkansu. Ta biyu ita ce barin auduga gaba ɗaya a koma roba. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya fito da AN69 a farkon shekarun 1970, Toray na Japan ya fito da PMMA, Fresenius na Jamus ya fito da folisalfon a 1983. Wasunsu ba sa tayar da kwamfilimen sai kaɗan, wasunsu kuma suna tsotse guntayen da aka saki kafin su koma jiki. A yau galibin matatun duniya na roba ne, an daina yin kufrofan.

Sai dai kada wani ya zaci an kai ƙarshen magana. A wajajen 1990 aka soma ganin wasu majinyata a Turai suna faɗuwa cikin mintocin farko na wanki da AN69, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi, alhali wannan shi ne tantanin da ake yabo. Da aka bi diddigi sai aka ga galibinsu suna shan maganin hawan jini na dangin kaftofuril da lisinofuril. Tantanin yana tayar da wani sinadari mai buɗe jijiyoyi, sunansa biradikinin, maganin kuwa yana hana jiki rusa shi; kowannensu shi kaɗai da sauƙi, haɗuwarsu ce musiba. Daga baya aka yi wa tantanin shafe domin rage wannan. Haka nan iskar itilin oksaid da ake kashe ƙwayoyin cutar matata da ita, in ba a ɗauraye ta sosai ba, takan tayar wa wasu da borin jini mai tsanani. Har folisalfon ma an samu waɗanda jikinsu ya ƙi shi.

Adalci kuma ya wajabta mu faɗi cewa babban gwajin HEMO da aka buga sakamakonsa a 2002, wanda ya ƙunshi majinyata 1,846 a Amurka, bai nuna bambanci bayyananne a tsawon rai tsakanin matata mai manyan ƙofofi da mai ƙanana ba. Tantani sharaɗi ne guda cikin sharuɗɗa, ba ya isa shi kaɗai.

Kammalawa: rabonmu a cikin wannan al'amari

Ya 'yan'uwa, kowa a nan ya san gidan da aka sayar da gona ko shanu domin wankin ƙoda, ya san cewa kaɗan ne a cikin majinyatanmu suke iya zuwa sau 3 a mako, kuma labarin yawan ciwon ƙoda a yankin Gashuwa na Jihar Yobe ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya sayar da abin hannunsa domin zama guda, amana ce a wuyanmu wannan zama ya zamo mai fa'ida, kada ya tashi da garkuwar da ta fi ta dā rauni.

Abu na farko, ruwa. A zama guda lita 120 take wucewa ta bayan tantani, wato lita 360 a mako, alhali abin da mutum yake sha a mako bai fi lita 14 zuwa 20 ba, shi ma hanji ne yake tantance shi. Matata mai manyan ƙofofi tana barin wani ɓangare na ruwan ya shiga jini. Ƙa'idar duniya ita ce ƙwayoyin cuta su gaza 100 a kowace mililita ta ruwan wanki, mai cikakken tsarki kuwa su gaza 1 a mililita 10. A ƙasar da tanki yake wuni a rana, wuta take ɗaukewa ruwa ya kwanta a bututu, sayen matata mai tsada ba tare da auna ruwa a kai a kai ba, gini ne a kan rairayi.

Na biyu, ga masu sayen kaya: ku karanta takardar da take jikin matata, ku san da me aka yi tantaninta, da me aka tsarkake ta, kada arha kaɗai ta zama alƙali. Na uku, ga likitoci: ku tambayi majinyaci magungunan da yake sha kafin ku zaɓa masa matata, ku yi masa riga-kafinsa cikakke, ku gaggauta haɗa masa jijiyar hannu domin a raba shi da robar wuya ko ta cinya, wadda ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Na huɗu, ga 'yan'uwana ma'aikatan jinya, waɗanda su ne idon wannan aiki: ku ɗauraye matata da ruwan gishiri yadda aka tsara ba tare da gajartawa ba, ku rubuta duk wata rawar ɗari ko ƙaiƙayi ko nauyin ƙirji tare da sunan matatar da lambarta, kuma kada ku bar gefen gado a rabin awar farko, domin a lokacin ne jini yake yanke hukunci a kan baƙonsa.

Ga sauran jama'a kuwa, ku auna hawan jininku da sukarinku, ku guji shan maganin ciwon jiki barkatai da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin bayan fiye da shekara 80 da injin Kolff, har yanzu ba a ƙera tantanin da jini ya karɓa kamar yadda yake karɓar ƙodar da aka haife ku da ita ba. Ku kiyaye ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.